Babi na Uku: Abin da Aka Faɗa wa Sarki

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wuya ka sami mai yi masa musu. Amma mutum ya zauna ya lissafa abubuwan da yake cewa ya sani, ya ware waɗanda ya gani da idonsa gefe guda, zai tarar kason ido bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka haife ka, ji ka yi. Sunan kakan kakanka, ji ka yi. Wanda ya zaga Birnin Zinder zai ga ragowar ganuwa nan da can a tsakanin manyan duwatsu, ya ga fadar Sarkin Damagaram tana nan daram. Amma cewa Tanimu ɗan Sulaimanu ne ya ɗaga ganuwar, kuma a 1884 ya rasu, wannan babu idon mai rai da ya shaida. Daga bakin dattijo ya fito ko daga takarda, takarda kuwa maganar wani ce aka adana.

Shi kansa idon ba kullum yake riƙe amana ba. Duk wanda ya bi hanyar Tanut da tsakar ranar bazara ya ga ruwa kwance a kan kwalta yana sheƙi, ya isa wurin ya tarar da ƙura. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda irin wannan ya taɓa hana shi sukuni. Ya dubi inuwa ya gan ta tsaye cik, bayan sa'a guda ya ga ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take yi sannu a hankali. Ya dubi tauraro ya ga bai wuce faɗin dinari ba, lissafi kuwa ya nuna masa ya fi duniya girma. Sai ya tambayi kansa: tunda hankali ya kama ido da ƙarya, wa ya ba ni tabbacin babu wani alƙali a bayan hankali da zai kama shi shi ma? Kusan wata biyu ya yi cikin wannan hali kafin Allah ya yaye masa. Ba za mu bi shi har can ba a wannan babi. Tambayarmu ta fi tasa kusa da ƙasa: tunda ba makawa da ji za mu rayu, yaushe ne ji yake zama sani?

Aflatun, mutumin Atina, almajirin Sukuratu, ya daɗe yana juya batun sani, kuma daga rubuce-rubucensa ne masu falsafa na baya suka tsamo sharuɗɗa uku. Kafin a ce ka san abu, sai ka yarda da shi a ranka. Sai kuma abin ya kasance haka ɗin yake, ko ka yarda ko ka ƙi. Sannan ya zama akwai dalilin da ya kai ka ga yardar, ba dace kawai ka yi ba. Shi ya buga misali da hanyar wani gari wai shi Larisa, mu sai mu ce hanyar Mirya. Baƙo ya tambayi mutum biyu. Na farko ya sha cin kasuwar Mirya, ya nuna masa hanya. Na biyu bai taɓa zuwa ba, canka kawai ya yi, sai ga shi ya nuna hanyar nan ɗin. Ko wanne baƙon ya bi zai isa. To ina fifikon na farko? Amsar Aflatun, in muka sa mata rigar gida, ita ce ra'ayin da ya dace da gaskiya ba tare da hujja ba kamar akuya ce da ba a ɗaure a turke ba. Yanzu tana tsakar gida, an jima wani ya gifta da dusa ta bi shi. Mai canka, da ka ɗaure fuska ka ce masa ai hanyar Mirya ta can take, sai ya ce to, ko ma haka ne. Wanda ya sha zuwa kuwa dariya zai yi maka.

A cikin littafi yarda da gaskiya da hujja suna zaman lafiya wuri ɗaya. A rayuwa kowacce takan kama gabanta, kuma Damagaram ta biya kuɗin wannan darasi da tsada.

A watan Afrilu na 1898 wani kyaftin na sojan Faransa, Kazamaju, ya iso Zinder da 'yan tsirarun sojoji baƙar fata da tafintansa, wani Bature mai suna Olib. Daga Say ya taso, bakin Kwara, ya bi ta Argungu, ya nufi Tabkin Cadi. Sarkin Damagaram a lokacin Amadu ɗan Tanimu ne, wanda aka fi sani da Kuran Daga. A shekarar da ya hau gado, 1893, Rabe ya ci Kukawa, ya tarwatsa gidan Shehun Barno, ya koma Dikwa ya zauna. Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, wanda ya ƙwaci kujerar Barno da bakin bindiga kuwa ba mai mance irin wannan bashi ba ne. Ta kudu ga Sarkin Kano Alu, ba sa ga maciji da juna. Ana cikin haka sai ga baƙo, ba a san iyakar mutanen da ke bayansa ba, ya ce gabas za shi.

An sauke shi, an yi masa abin da ake yi wa baƙon sarki, makonni suka wuce. Ran 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintan, aka jefa gawarwakin a rijiya. Dalilin da masu tarihi suka fi kawowa shi ne sarki ya gamsu cewa Kazamaju wajen Rabe za shi don su ƙulla.

A kunne magana ɗaya ce, amma in aka warware ta sai a ga ba ɗaya ba ce. Akwai cewa Baturen nan wajen Rabe za shi. Wannan haka yake, don cikin umarnin da aka ba shi daga Faransa har da neman saduwa da Rabe. Sarki bai karanta takardar umarnin ba, amma yana da alamu: inda baƙon ya dosa, da abin da ke fita daga bakin mutanensa, da abin da fatake ke kawowa. Yarda akwai, gaskiya akwai, hujja ma ba a rasa ba. A nan za a iya cewa sarki ya sani, ko ya kusa.

Sai kuma cewa in sun sadu za su haɗa kai su ci Damagaram. Nan ne ƙafa ta fara zamewa, domin wannan ba labarin abin da ya faru ba ne, hasashen abin da ke cikin zukatan mutum biyu ne waɗanda ba su ma haɗu ba tukuna. Abin da ya biyo baya bai goyi bayan hasashen ba. A 1899 Rabe ya hallaka rundunar Faransa ta Biritone a Togbaw, ya kuma sa aka rataye wani Bafaranshe, Behagil, a Dikwa, mutumin da ya kai kansa gare shi da maganar ciniki. A watan Afrilu na 1900 Faransawa ne suka kashe Rabe a Kusiri. Da an bar Kazamaju ya wuce, ba mamaki Rabe ne zai ɗauke wa sarki aikin.

Ta ƙarshe ita ce wadda ba a faɗa da baki, amma a kanta aka zare makami: cewa kashe shi zai tsare ƙasar. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gwabza a Tirmini, Faransawa suka shiga Birni, a watan Satumba suka cim ma Kuran Daga suka kashe shi, barikin da suka gina a Zinder kuma suka sa masa sunan Kazamaju.

Kada dai a ɗora wa sarki abin da ba nasa ba. Rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan da ta biyo baya ta ƙone Birnin Konni a watan Mayu na 1899, mutanen Konni kuwa ba su jefa kowa a rijiya ba. Nasara na nan tafe ko an kashe kyaftin ko an raka shi da goro. Tsoron da sarki ya ji game da su tsoro ne mai tushe. Inda nake ganin lissafinsa ya karkace shi ne ya bar ƙarfin magana ta farko ya rufe raunin ta biyu da ta uku. Da ya tabbatar baƙon wajen Rabe za shi, sai sauran suka shigo a bayanta ba tare da an tambaye su hujjarsu ba. Wannan kuwa ba ciwon sarakuna kaɗai ba ne. Mace ta tabbatar an ga mijinta a wata unguwa, kafin magariba ta gama sanin gidan da ya shiga da sadakin da ya biya.

Malamanmu na zaure sun gaji wannan bincike ta wata hanya, ta Bagadaza da Fas da Tilimsan, kuma sun fi son su auna shi mataki-mataki. A sama akwai yaƙini, wanda ba ya barin kafa ga kishiyarsa. Ƙasa da shi zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjaya amma ɗayan bai mutu ba. Sai shakka, inda aka yi kunnen doki. Can ƙasa wahami, wato riƙe ɓangaren da aka rinjaya. Almajiri yakan fara cin karo da waɗannan tun a babin salla, inda ake koya masa cewa in ya rikice ko raka'a uku ya yi ko huɗu, ya yi gini a kan abin da ya tabbatar. Amfanin matakan shi ne suna hana mutum kiran duk abin da ke ransa da suna ɗaya. Ba mai mulkin da zai jira yaƙini kafin ya motsa, manomi ma da zato yake shuka bayan ruwan farko. Abin dubawa shi ne nauyin aikin ya yi daidai da nauyin hujjar. Da zato ana iya tsare baƙo, ana iya mai da shi inda ya fito. Abin da ba ya gyaruwa in an yi shi, shi ne ke bukatar hujjar da ta fi zato.

Akwai wani ɗan ƙasar nan da labarinsa ke nuna ɗaya fuskar matsalar, inda mai hankali yakan ƙi gaskiya, kuma ba a ce ya yi wauta ba. Dorugu an haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har Kukawa. A can wani Bajamushe matafiyi, Obaweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Obaweg ya rasu a 1852 sai abokin tafiyarsa Bart, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya ɗauke shi tare da wani yaro Margi mai suna Abbega. Da su ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, da su ya je Tumbutu, da su ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka isa Landan a watan Satumba na 1855. A Ingila wani fasto mai suna Shon ya zauna da Dorugu ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo Afirka a 1864, ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

A ƙaddara Dorugu ya zauna a kasuwar Kance bayan dawowarsa, yana ba wani dattijo labarin ɗakunan ƙarfe da aka jera a kan dogo, suna gudu ba doki ba raƙumi, wuta da ruwa kawai suke ci. Dattijon ya shekara saba'in bai ga abin da ya yi tafiya ba rai ba, sai in iska ko ruwa ko gangare ne suka ja shi. A gabansa ga shaidar shekara saba'in, ga kuma bakin saurayi guda wanda ya daɗe cikin baƙi. In ya ce yaro, ka dai sha hanya, wa zai ga laifinsa? Yana da hujja, kuma ya yi kuskure. Jon Lok, masanin falsafa na Ingila, ya kawo irin wannan a littafinsa na 1690. Jakadan Holan yana ba Sarkin Siyam labarin ƙasarsu, sarki yana saurare, har ya kai ga cewa da sanyi ruwa yakan daskare ya yi taurin da giwa za ta taka ta wuce. Nan sarki ya ce da yana ɗaukarsa mutumin kirki, yanzu kam ya tabbata maƙaryaci ne.

Maganin wannan yana cikin wani ɗan littafi da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Barno da ƙasar Hausa, Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Tun a farkonsa ake koya wa ɗalibi abubuwa uku da hankali ke hukuntawa, wajibi da mustahili da ja'izi: abin da ba zai yiwu a rasa shi ba, abin da ba zai yiwu a same shi ba, da abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Masu sharhi kuma sukan raba wannan da hukuncin al'ada, wato abin da muka saba gani yana maimaituwa. Cewa rabin abu ya fi dukansa girma, hankali ba zai karɓa ba ko mutum dubu sun rantse. Cewa ƙarfe ba ya gudu sai an ja shi, wannan sabo ne kawai, sabon Kance na wannan zamani. Dattijon ya ɗauki iyakar abin da ya saba gani a matsayin iyakar abin da zai yiwu. Da ya raba biyun, ba sai ya gaskata Dorugu nan take ba, amma ba zai ƙaryata shi ba. Zai ce abu ne mai yiwuwa, a bari mu ji daga wani bakin.

Wani bakin kuwa yakan zo. Malaman usulu da na manɗiƙi suna da babin tawaturi: labarin da jama'a masu yawa suka kawo, waɗanda ba zai yiwu a al'ada su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma abin da suke faɗa sun gan shi ne ko sun ji shi da kansu. Irin wannan ji suna lissafa shi cikin yaƙini. Wanda bai taɓa fita Zinder ba ya san akwai Makka, ya san akwai Agadas, sanin da ba ya ƙasa da na gani. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara guda kafin Dorugu ya rasu a garin, daga nan kuma fataken Damagaram suka riƙa dawowa da labarin jirgi ɗaya bayan ɗaya har musu ya ƙare. Sai dai a lura da sharaɗin, don a nan ake yawan tuntuɓe yau. Yawan baki ba shi ne tawaturi ba in duk daga baki ɗaya suka ɗebo. Saƙon murya da ya zaga wayoyi dubu a WhatsApp tsakanin azahar da la'asar, har ka ji shi wajen mai shayi ka ji shi wajen ɗan kabu-kabu ka koma gida ka tarar da shi, shaidar mutum ɗaya ce, kuma galibi mutumin da ba wanda zai iya faɗin sunansa.

Jirgin ƙasa dai ana iya zuwa a gani. Akwai abin da babu inda za a je a gan shi, shi ne abin da ke cikin zuciyar wani. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fadawa da 'yan kasuwa sun san fuska ma ana koya mata magana. Babbar muhawarar da aka yi a wannan yanki a farkon ƙarni na 19 a kan wannan ta tsaya. Bayan mutanen jihadi sun kai wa Barno hari a 1808, Shehu Laminu na Kanem ya yi ta musayar wasiƙu da Sakkwato. Hujjarsa ita ce abubuwan da ake zargin Barnawa da su, irin su yanka a wasu wurare na gado da cin hanci da zaluncin mahukunta, saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mai salla daga Musulunci, kuma ana samun irinsu har a Masar ba a ce Masar ta kafirta ba. Muhammadu Bello na Sakkwato ya amsa cewa akwai aikin da shi kansa yake fallasa abin da ke zuci, kuma Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi. Tambayar ita ce daga aikin da ido ya gani, har ina aka halatta maka ka yi hukunci a kan imanin da ido bai gani ba? Damagaram, da ke bin Barno tana maƙwabtaka da ƙasashen Sakkwato, a tsakiyar wannan tambaya ta yi ƙarni guda. Abin yabo ga Bello shi ne da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa a ciki. Da bai yi haka ba, da yawancinmu bakin Sakkwato kaɗai za mu ji.

Me ya sa ɗan Adam, da hankalinsa, yake saurin hadiye wani labari ya tofar da wani? Ibn Haldun ya zauna a kan wannan a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. A ganinsa rai in yana tsaye a tsakiya yakan tace labari kafin ya karɓa, amma da zarar ya karkata ga wani ɓangare, duk labarin da ya dace da karkatarsa sai ya shige ba sallama. Ya ƙara da yawan amincewa da mai kawo labari, da halin mutane na neman shiga wajen masu mulki da abin da kunnensu ke so, da rashin sanin yadda al'amuran duniya ke gudana. Ya fi matsa wa masu tarihi a kan alƙaluma, ya ce kafin ka rubuta yawan runduna ka tambayi ƙasar da za ta ciyar da ita da filin da zai ɗauke ta. Littattafai sukan ce Tanimu ya tara bindiga 6,000 da igwa 40. Ɗalibin Ibn Haldun ba zai ce ƙarya ne ba, don an san ana ƙera igwa a Zinder ana kuma haɗa albarushi. Zai dai tambaya wa ya ƙirga, a gaban wa ya faɗi adadin, kuma me zai samu in adadin ya yi yawa.

A kan jerin Ibn Haldun ni zan ƙara tsoro, kuma shaidata 1906 ce. Wannan karon masu jin labarin Faransawa ne. A watan Fabrairu mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawan Ingila uku da sojojinsu, ɗaya daga cikin jagororin tawayen kuwa, Ɗan Makaho, daga ɓangaren Faransa ya tsallaka bayan wani tashin hankali da aka yi a Kobkitanda. Turawan da ke barikin Zinder 'yan tsiraru ne a tsakiyar babban gari, ba sa jin abin da ake faɗa a zaure sai abin da tafinta da 'yan kai rahoto suka juya musu. Ba a daɗe ba magana ta iso musu cewa Sarki Amadu ɗan Basa, wanda su da kansu suka naɗa a 1899, yana shirya a tashi a karkashe su. Aka kama shi, aka kama Malam Yaro, attajirin da ya yi wa Faransawa hidima da dukiyarsa tun zuwansu, aka haɗa har da tafintan barikin. Aka kai su Kwaddibuwa. Riƙon garin kuma aka miƙa wa Ballama, bawan fada.

Har yau masu tarihi ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai masu ɗaukar abin a matsayin yunƙurin ƙwatar kai na gaske wanda aka tona kafin ya nuna. Andre Salifu, ɗan Zinder, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu a kai, Mahamman Bakabe kuma ya mai da labarin fim a 1982. Akwai kuma waɗanda suka koma kan takardun shari'ar suka fi ganin gabar cikin fada, da masu neman kujera, da Turawan da Satiru ta hana barci. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

A nan fiƙihun Malikiyya yana da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta, a babin ganin wata. Watan azumi yana tabbata da shaidar adalai biyu, ko da ganin jama'a mai yawa. To amma Muhtasar na Halilu bai bar shaidun biyu haka nan ba. In aka ɗauki azumi da maganarsu, aka cika kwana talatin, gari garau ba hazo ba gajimare, aka duba ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata su. Wato tun ranar da aka karɓi shaidar an riga an san abin da zai faru ya rushe ta, an kuma san daren da za a duba. Kal Popa, masanin falsafar kimiyya ɗan Biyana, a kan irin wannan ya gina littafinsa na 1934: maganar da ta cancanci a kira ta ilimin kimiyya ita ce wadda ta faɗi abin da in ya faru ta faɗi. Wadda ta dace da duk abin da zai iya faruwa ba ta gaya maka komai game da duniya ba.

A gwada zargin 1906 da wannan ma'auni. Da an yi tawaye, an ce ga shi, dama an faɗa. Da ba a yi ba, sai aka ce kamun ne ya hana. Sarki ya yi musu, ai mai laifi dama musu yake yi. Ya nuna ladabi ga kwamandan barikin, wannan shi ne makircin. Malam Yaro ya shekara bakwai yana yi musu alheri, to don ya rufe musu ido ne. Babu daren talatin da za a fita a duba sama. Wannan bai nuna ba a ƙulla komai ba, mai yiwuwa an ƙulla. Ya dai nuna cewa waɗanda suka yanke hukuncin sun shiga wani hali inda ba abin da wanda ake zargi zai faɗa ko ya aikata da zai fitar da shi, kuma sun ɗauki wannan a matsayin ƙarfin hujjarsu. Abin da ya rage wa mai bincike a yau shi ne aikin da kwamanda bai yi ba: ya bi shaidun ɗaya ɗaya, ya ga wa ya gani da idonsa, wa ya ji daga wani, su nawa ne suka ɗebo daga baki ɗaya, ta bakin wane tafinta maganar ta bi kafin ta zama Faransanci a takarda, kuma wa ya wayi gari da muƙami bayan an tafi da sarki. Sarautar Damagaram ba ta koma gidanta ba sai a 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.